Muhawara: Wa ya kai "The Sound of Silence" lamba ɗaya, mai waƙar ko mai haɗa kiɗan?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda a makon nan tsofaffin waƙoƙin Turawa muke tattaunawa, ga wadda nake so mu baje a faifai: "The Sound of Silence" ta Simon da Garfunkel. Zan faɗi ra'ayina tun farko don kada in yi ta kewaye-kewaye. Waƙar Paul Simon ce, babu musu, amma ba shi ya kai ta inda ta kai ba. Tom Wilson, mai haɗa kiɗan, shi ne ya kai ta, kuma an yi masa rowar yabo.

Ga yadda aka yi. A watan Maris 1964 samarin nan biyu, 'yan unguwar Queens ta birnin New York, suka ɗauki waƙar a situdiyon kamfanin Columbia, muryoyi biyu da jita maras lantarki, babu ganga. Ta fito cikin faifansu na farko, Wednesday Morning, 3 A.M., a Oktoban shekarar, faifan kuma bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Kowa ya kama gabansa. Simon ya tsallaka Ingila yana yawon waƙa a ƙananan kulob na masu son waƙar gargajiya, Garfunkel ya koma karatunsa a Jami'ar Columbia. A wajensu magana ta mutu.

Sai a 1965 wasu gidajen rediyo a Boston da Florida suka soma saka ta, ɗalibai suna ta neman a maimaita. Labari ya kai kunnen Wilson, wanda dama shi ne furodusan faifan. Ya tara makaɗa a situdiyo, cikinsu da Al Gorgoni mai jita da Bobby Gregg mai ganga, suka ɗora jitar lantarki da bes da ganga a kan tsohon ɗaukan. Bai nemi izinin masu waƙar ba. Aka sake ta a Satumba 1965. Ranar 1 ga Janairu 1966 tana lamba ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta kuma shafe watan tana kokawa da "We Can Work It Out" ta Beatles, wannan ta hau wannan ta sauka. To ku gaya mini, wa ya yi aikin?

Maman Zahra:
Wa alaikumus salam Baban Sadiƙ. Labarin da ka bayar daidai ne, hukuncin da ka yanke ne ban yarda da shi ba. Kai taimako ka gani, ni kuwa cin amana na gani.

Yaro da bai wuce shekara 22 ba ya zauna ya tsara waƙa a kan mutanen da suke ta surutu amma babu mai sauraren wani, taron jama'a sun durƙusa wa hasken fitilun talla da suka ƙera da hannunsu. Ya zaɓi ya rera ta a hankali saboda abin da take faɗa ke nan. Simon da bakinsa ya ba da labarin cewa banɗaki yake shiga da jitarsa, ya kashe fitila, ya buɗe famfo, saboda tayil ɗin bangon yana dawo masa da sautin. A irin wannan wurin waƙar ta samo asali. Sai wani ya zo ya cika ta da ganga don ta shiga kasuwa, bai ko tambayi mai ita ba. Abin da waƙar take kuka a kai, shi aka yi wa mai ita.

Ku je ku saurari ta 1964 a natse. Garfunkel ne yake ɗauke da karin a sama, Simon yana dafa masa a ƙasa. Baiti biyar ne, babu amshi ko ɗaya, kowane baiti yana ƙara nauyi har na huɗu, sannan su sauko. Me ya rage mata da sai an ƙaro?

Abba Mai Situdiyo:
Anti, ki ba ni dama in sa baki ta ɓangaren sana'a, tunda da wannan aikin nake cin abinci. Ko ma wane ne ke da gaskiya a cikinku, abin da makaɗan nan suka yi ba ƙaramin aiki ba ne.

A ƙa'ida kiɗa ake fara shimfiɗawa, mawaƙi ya hau kai. Yau ma akwai 'yar ƙwanƙwasar da kwamfuta take yi wa mawaƙi a kunne don kada ya yi gaba ko ya yi baya. Su kuwa a 1964 babu mai riƙe musu taki. In baiti ya ɗau zafi sai su ƙara sauri, in ya lafa su ja baya. To ka zo bayan shekara guda ka ce wa mai ganga ya bi wannan. Kuma a tef ne fa, ba kwamfuta ba da zan kama murya da linzami in matsar da ita inda nake so. Muryoyin ba sa motsi, sai dai makaɗin ya yi ta bin su.

Ku sa iyafis ku ji. Baitin farko babu ganga, jitar lantarki ce kawai take ɗan tsinke-tsinke a bayan ta asali. Ganga da bes sai a baiti na biyu suke faɗowa, kuma a nan ne tsigar jikin mutum take tashi. Can gaba akwai inda za ku ji makaɗan sun ɗan ja birki don su daidaita da muryoyin. Injiniyan sauti Roy Halee ya zuba mata amsa-kuwwa sosai, irin wadda ake ji a faifan ƙungiyar mawaƙa ta Byrds, kuma a ganina amsa-kuwwar nan ta taimaka wajen rufe inda aka yi haɗin. Jinkirta gangar zuwa baiti na biyu shi ne hikimar da na fi yabawa. Da mai gaggawa ne, tun daƙiƙar farko zai sako komai ya kashe waƙar.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ni ina ganin akwai na uku da ba ku ambata ba, wato lokaci. Beatles sun sauka Amurka a Fabrairu 1964, kunnen matasa ya koma kan jitar lantarki gaba ɗaya. Ana cikin wannan guguwa wasu samari suka fito da faifan waƙoƙin gargajiya a Oktoba. Wa zai saya?

Zuwa tsakiyar 1965 abu ya canza. Byrds sun ɗauki "Mr. Tambourine Man" ta Bob Dylan sun sa mata jitar lantarki mai tsirkiya 12, ta hau lamba ɗaya a Yuni. A Yuli Dylan da kansa ya hau dandamalin bikin Newport da makaɗan lantarki, wasu tsofaffin masoyansa suka yi masa ihu. Nan aka sami salon da ake kira fok-rok, kalmomi masu nauyi irin na mawaƙan gargajiya a kan kiɗan matasa. Wilson yana tsakiyar abin, don shi ne ma furodusan "Like a Rolling Stone". Ya ga inda kasuwa ta nufa, ya tuna yana da wata waƙa a ajiye da za ta dace.

Amma don yi wa Baban Sadiƙ adalci: Simon ya sake ɗaukar waƙar shi kaɗai a Landan a 1965, cikin faifan The Paul Simon Songbook, ita ma ba ta je ko'ina ba. Sau biyu ke nan ana fitar da ita babu ganga.

Maman Zahra:
Malam Ɗan Damagaram, rashin kasuwa ba rashin kyau ba ne. Kuma ga tambaya ga duk mai goyon bayan Wilson: wacce ɗaliban Boston da Florida suke nema a rediyo? Ta asalin ce, maras ganga. Ita ta fara tashi da ƙafarta, shi ya sa ma Wilson ya waiwaye ta. Da ba ta motsa ba, ko tunawa da ita ba zai yi ba.

Baban Sadiƙ:
Hajiya, wannan kam gaskiya ne, ta asalin suka fara nema. Amma Boston ba ita ce Amurka ba. Waƙoƙi nawa ne ɗaliban jami'a suka so na wata biyu aka manta da su? Gidajen rediyon da suke kai waƙa lamba ɗaya a wancan lokacin ba za su saka muryoyi biyu da jita a tsakanin Beatles da Rolling Stones ba.

Kuma ina so a san ko wane ne mutumin nan, don ana maganarsa kamar wani ɗan kasuwa da bai san kiɗa ba. Baƙar fata ne, haifaffen garin Waco a jihar Texas a 1931, ya yi karatu a Harvard. Tun yana matashi ya kafa ƙaramin kamfaninsa, Transition, ya fitar da faifan farko na makaɗan jaz Cecil Taylor da Sun Ra, mutanen da a lokacin manyan kamfanoni ba sa ko kallonsu. Ya zo Columbia ya yi aiki da Dylan a daidai lokacin da Dylan yake canza salo. Shi ne ya ba Simon da Garfunkel damar gwaji a kamfanin tun farko. Ya bar Columbia ya koma MGM kafin ma waƙar ta kai ƙololuwa, can ya yi aiki da Frank Zappa da Velvet Underground. Ya rasu a 1978 yana da shekara 47. Ku duba wannan jerin sunayen. Baƙar fata a Amurkan shekarun 1960 yana da hannu a duk waɗannan, amma in ana tarihin waƙar nan sai a ce "kamfani ya ƙara mata kiɗa", kamar kamfani yana da kunne.

Ɗan Kasuwa:
Ni dai tambayata, bayan duk wannan, shi Simon ɗin ya ji daɗi ko bai ji ba?

Ɗan Damagaram:
Al Stewart, mawaƙin da suka zauna gida ɗaya a Landan, ya ba da labarin cewa da Simon ya fara jin sabon haɗin ransa ya ɓaci, musamman wurin nan da Abba ya ce makaɗan sun ja birki. Amma da waƙar ta yi ta hawa, ya tattara ya koma New York a ƙarshen 1965, suka sake haɗewa da Garfunkel, suka shiga situdiyo cikin gaggawa. A Janairu 1966 faifan Sounds of Silence ya fito, kuma da sabon haɗin aka buɗe shi, da dama daga sauran waƙoƙin ma da ganga da jitar lantarki.

Baban Sadiƙ:
To kin ji, Hajiya. Bai ce a janye ta ba. Ya karɓa, ya gina a kai.

Maman Zahra:
Yaron da faifansa ya faɗi, yana kwana gidajen mutane a Ingila, a ce masa waƙarka tana ta hawa jadawali, me kake so ya yi? Karɓar abin da ya riga ya faru daban, yarda tun farko daban.

Barista:
Ku ba ni wuri in ɗan warware wani abu, don ina ganin ana haɗa haƙƙi biyu wuri guda. A harkar waƙa akwai haƙƙin mallakar ita waƙar, wato kalmomi da kari, wannan na marubuci ne. Akwai kuma haƙƙin mallakar ɗaukan da aka yi a situdiyo, wato sautin da ke kan tef. A irin yarjejeniyar da manyan kamfanoni suke ba sababbin mawaƙa a wancan zamanin, na biyun na kamfani ne, tunda shi ya biya kuɗin situdiyo. Saboda haka Wilson, a matsayinsa na ma'aikacin Columbia, tef ɗin kamfaninsa ya taɓa. Ta fuskar doka da wuya ka kama shi. Ko ya kyauta ko bai kyauta ba, wannan maganar mutunci ce, kuma a nan ina tare da Hajiya.

Sai dai in maganar wa ya amfana ake, Simon ne ya kwashi garaɓasar. Duk inda aka rera waƙar, ko wane ne ya rera, marubuci yana da kasonsa. Makaɗan da aka kira kuwa kuɗin zaman ranar ake biyan irinsu, su tafi. A 2021 Simon ya sayar wa kamfanin Sony haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta, har da wannan.

Ummi:
Iyayena ku yi haƙuri in shigo, ni ƙarama ce a nan. Gaskiya ni ban san Simon ba, ban san Garfunkel ba lokacin da na fara jin ta. A intanet na san ta, a gajerun bidiyon nan da ake sa farkon waƙar idan mutum ya yi tagumi ko abu ya kwaɓe masa. Na ɗauka ma don ban dariya aka yi ta. Daga baya na ci karo da ta ƙungiyar Disturbed, na zauna na ji ta har ƙarshe, wallahi sai da na yi hawaye. Mawaƙinsu David Draiman ya faro ta da murya can ƙasa, a hankali yana ɗagawa, zuwa baiti na huɗu kamar zai tsage maƙogwaro. Ta asalin kamar mutum ne yake ba ka labarin abin da ya gani, ta Disturbed kuwa mutum ne da ya gaji da faɗa ba a ji.

Sai da na bi diddigi na gano cewa waƙar ta girmi mahaifiyata.

Maman Zahra:
Ummi 'yata, Allah ya yi miki albarka, kin kawo mini hujja ba ki sani ba. Disturbed ƙungiyar kiɗa mai tsananin ƙara ce, amma da suka zo kan wannan waƙar a 2015, cikin faifan Immortalized, sai suka ajiye hayaniyar. Fiyano suka sa da kayan goge da manyan tambura. Babu komai na haɗin Wilson a ciki, kuma ta sake ɗaukar duniya bayan shekara 50. Simon da kansa ya yaba musu bayan sun rera ta a shirin talabijin na Conan a 2016.

Sannan ku tuna 2011, ranar cika shekara 10 da harin 11 ga Satumba. A wurin da benayen suka rushe, gaban iyalan waɗanda suka rasu, Simon ya tsaya shi kaɗai da jitarsa ya rera ta. Babu ganga, babu lantarki. Da aka zo ranar da ake buƙatar waƙar ta yi aikinta na gaske, yadda aka haife ta aka koma. Gangar 1965 ta yi wa shekararta aiki, kalmomin ne suka daɗe.

Baban Sadiƙ:
Hajiya, wa zai gayyaci Simon wurin nan a 2011 in da waƙar ta tsaya a faifan da ba a saya ba? Ina Disturbed za su ji ta? Ba na musun cewa kalmomin ne suka daɗe. Cewa nake sai an ji abu kafin ya daɗe. Cire Janairu 1966, kin cire haɗuwarsu ta biyu. Babu faifansu Bridge over Troubled Water a 1970, babu wasan da suka yi a filin Central Park na New York a Satumba 1981 da aka ƙiyasta mutum dubu 500 sun halarta. Duk daga wannan zaman situdiyo guda ɗaya suka fito.

Kawu Na Tudun Wada:
Yara, na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Mu a shekarun 1970 muka san waƙar nan, a rediyo da kaset. Turancina a lokacin bai kai in gane abin da suke faɗa ba, kuma ban san akwai wata ta daban maras ganga ba sai da na manyanta. Abin da ya kama mu shi ne muryoyin. Mutum biyu suna waƙa kamar da baki ɗaya, har inda suke jan numfashi ɗaya ne. Tun suna 'yan makaranta suke waƙa tare, a 1957 ma sun fitar da wata da sunan Tom da Jerry, to ka ga ba abin mamaki ba ne. Kuna ta Simon da Wilson, babu wanda ya tsaya a kan Garfunkel. Ku saurari wadda Simon ya yi shi kaɗai a Landan, za ku ji abin da ya ɓace.

Akwai kuma wanda kuka manta, daraktan fim Mike Nichols. Shi ya sa ta a fim ɗin The Graduate a 1967. Da ita aka buɗe fim ɗin, jarumin fim ɗin, Dustin Hoffman, yana tsaye a kan abin nan mai tafiya da mutane a filin jirgi, fuskarsa babu walwala. Da ita kuma aka rufe, shi da yarinyar suna zaune a kujerar bayan bas, murmushinsu yana gushewa a hankali. Waƙar da ta hau lamba ɗaya kan yi wata uku a manta da ita. Fim ɗin nan ne ya ɗaure ta a zuciyar matasan wancan zamanin, ta zama waƙar yaron da ya gama makaranta bai san inda zai sa gaba ba.

Abba Mai Situdiyo:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Maganar numfashin nan gaskiya ce, a makirfo ɗaya ma suka fi son su tsaya su yi waƙa, shi ya sa muryoyin suke narkewa cikin juna haka.

Maman Zahra:
Abba, tunda kai ne mai sana'ar, bari in tambaye ka kai tsaye. A ce marigayi Ɗan Maraya Jos yana raye, ga muryarsa da kuntiginsa a kaset, wani ya kawo maka ya ce ka ɗora fiyano da ganga a kai, za ta yi kasuwa, ba sai an gaya masa ba. Za ka yi?

Abba Mai Situdiyo:
Ba zan yi ba, Anti. An taɓa kawo mini irin wannan aikin, muryar wani tsohon mawaƙi da ya rasu, na ce sai an kawo yardar iyalansa, mai aikin ya tafi wani wuri. Dalilina shi ne mai kuntigi shi ya san inda ya bar fili da gangan. Wurin da ni nake jin babu komai, wataƙila shi ya bari ne don maganar ta zauna. In na cike, na canza abin da ya faɗa ko da ban taɓa kalma ɗaya ba.

Amma in kin tambaye ni ko haɗin Wilson ya yi kyau, zan ce ya yi. Abu biyun nan duk ina riƙe da su, kuma ban ga yadda ɗaya zai goge ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Tunda an shiga maganar izini, a faɗi duka. Shi ma Simon ɗin an yi kuka da shi. A Landan ya koyi tsohuwar waƙar Ingila "Scarborough Fair" a wajen Martin Carthy, har da yadda yake kaɗa jitar. Ya koma Amurka suka fitar da ita a 1966, babu sunan Carthy a faifan. Carthy ya riƙe abin a ransa shekara da shekaru, sai a 2000 Simon ya gayyace shi suka rera ta tare a dandamali a Landan, aka shirya. Ba don in wanke Wilson na kawo wannan ba. Ina nuna cewa a wancan zamanin haka harkar take tafiya, mai ƙarfi ya ɗauka, a yi bayani daga baya.

Maman Zahra:
Na san labarin Carthy, kuma a nan Simon ne bai kyauta ba. Ma'auni ɗaya nake amfani da shi. Carthy ya cancanci a tambaye shi, Simon ma ya cancanci a tambaye shi. Ban ce kada a sa gangar ba fa. Cewa nake akwai wasiƙa a 1965, akwai waya, Landan ba bayan duniya ba ce.

Baban Sadiƙ:
Da an tambaye shi, ƙi zai yi. A lokacin yana cikin masu ganin jita maras lantarki ita ce waƙar gaskiya. Kin ji dai yadda ransa ya ɓaci da ya fara ji.

Maman Zahra:
To da ya ƙi ɗin. Waƙarsa ce.

Baban Sadiƙ:
Da kuma Ummi ba ta taɓa jin ta ba, Kawu ma haka. Ni dai ba zan iya cewa gara hakan ba.

Kawu Na Tudun Wada:
Wani abin da zan ƙara, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana da rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi. Faifan Sounds of Silence aka shigar a jerin 2012, wato mai haɗin Wilson. Na faɗa ne don a sani, ba don in raba gardamar ba.

Ummi:
Barista, ina da tambaya. Yanzu wadda Disturbed suka yi, da wadda wani mai haɗa kiɗa ɗan Ostareliya, Cyril, ya sake juyawa ta zama ta rawa, su sun nemi izini? Kuma iyalan Wilson suna samun wani abu a ciki?

Barista:
Tambaya mai kyau, Ummi. A dokar Amurka, da zarar an fitar da waƙa a kasuwa, wani mawaƙin zai iya sake rera ta ya fitar da nasa sautin ba tare da marubucin ya hana ba, matuƙar ya bi ƙa'idar lasisi, ya biya kuɗin da doka ta yanka, bai kuma canza asalin karin waƙar ba. Kuɗin yana zuwa ga mai haƙƙin kalmomi da kari. Idan kuwa bidiyo za a yi ko a sa ta a fim ko talla, wannan sai an nemi izini na musamman an yi ciniki. Shi Cyril muryar Draiman ya ɗauka ya juya, to wannan ya taɓa sautin da Disturbed suka ɗauka, kafin a fitar da ita a hukumance sai da yardar masu wannan sautin.

Game da Wilson, babu ko tsinken jita ɗaya na zaman 1965 a cikin ta Disturbed, kuma sunansa ba ya cikin marubutan waƙar. Saboda haka babu ta inda kason marubuci zai bi ya kai ga iyalansa daga waɗannan biyun.